Shaihu Umar: Daga Littafi Zuwa Majigi

A Japan, ƙagaggen labari in ya sami karɓuwa, nan da nan a kan mayar da shi zane mai motsi. A ƙasar Hausa kuwa abin kan ɗauki lokaci. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Sai a 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar da shi da sigar wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Aka daɗe ba a ji ɗuriyar fim ɗin ba, har aka gyara shi, aka nuna a Jamus a 2018.

To, labarin yaron da aka sace ne, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara. Mutanen Batsari da Safana, waɗanda 'yan bindigar dajin Rugu suka sha raba su da 'ya'yansu, ba sa bukatar sharhin malami kafin su fahimce shi. Ya kamata Sashen Hausa ya nemi fim ɗin, ɗalibai su kai musu shi har gida.