Damfa Ba Ta Warkar da Rawar Sitiyari

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce duk motar hot rod da sitiyarinta ke karkarwa, a ɗaura mata damfa, shi ke nan. Wannan shawara tana iya kashe mutum. Ka bar jaki kana dukan taiki.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci na Amurka an gina su ne a kan tsarin Ford ta 1932: aksul guda miƙaƙƙe a gaba, da sifirin kwance a gicciye, tsarin da Ford ta riƙe har 1948. Tayoyin biyu a ƙarfe ɗaya suke, don haka in ɗaya ta daki rami, girgizar sai ta tsallaka ga ɗayar. In akwai sako-sako a ƙafar motar, nan take sitiyari ya shiga fizgar hannu.

Damfa danne girgizar kawai take yi. Ciwon na nan yana ci.

A ɗaga motar a jak. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga: in ta yi ƙwas-ƙwas, bushin kimfin ko boris ya cinye. A kama ta hagu da dama don gwada kawunan tayarod da akwatin sitiyari. In sandar sitiyarin a gicciye take tura aksul, dole a sa sandar Panhard ta hana shi lilo. Sannan a auna kwanciyar kimfin baya, wajen digiri 5 zuwa 7, a yi wa tayoyi balansin.

Bayan wannan, mai son damfa ya ɗaura. Kafin nan, Malam, ka janye maganarka, rayukan mutane ne a kan titi.