Ra'ayi: Matasan Zamfara na son labarin takobi da aljanu, me ya sa suke gudunsa a gem?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau da la'asar ya san yadda abin ke tafiya. Benci biyu, talabijin uku ko huɗu, janareta na ruri a bayan shago, yara da samari na jiran layi. Kusan kowane allo ƙwallo ce a kai. Ranar da wani ya ce a sa masa gem ɗin labari, irin wanda jarumi ke saɓa takobi ya shiga duniya, sai na bayansa su fara tsaki, don sun san ba zai tashi da wuri ba.

Yawancin masu buga gem a Zamfara irin waɗannan ne: ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja, ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau tsakanin lacca da lacca, mai shagon caji a Tsafe, yaron tela a Bunguɗu. Ba sa bibiyar sabon gem da zai fito, ba su da kwamfutar da aka haɗa don wasa. Idan an samu caji da ɗan sarari sai a taɓa.

Hukuncinsu a kan wasannin da Turawa ke kira RPG, wato waɗanda mutum ke shiga rigar jarumi ya yi ta tafiya yana ƙara ƙarfi, yana zaɓen abin da zai faɗa da wanda zai taimaka, bai cika canzawa ba. Za su ce ya yi tsawo, surutu ya yi yawa, ga shi yana cika waya. Masu ɗaukar gem da muhimmanci kan yi musu kallon marasa haƙuri, waɗanda ba su san abu mai kyau ba. Wannan kallon kuskure ne. Ɗan kabu-kabun nan ya fi su fahimtar inda matsalar take.

A fara da maganar tsawo. The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland ya fitar a 2015, yana cikin wasannin labari da aka fi yabo a duniya. Babban labarinsa kaɗai yakan ci wajen sa'o'i 50, ban da ƙananan aike-aiken da ke gefe. An tsara shi ne don mutumin da ke da na'urarsa a ɗaki, da wutar da ba ta ɗaukewa, wanda zai ajiye wasa yau ya ɗora gobe daga inda ya tsaya. A shagon gem kuwa kuɗin wasa ɗaya ko na 'yan mintuna ake biya, kuma gobe wani ne zai zauna a wurin, wataƙila ma ya goge abin da aka ajiye. Wasan ƙwallo na ƙarewa cikin minti goma, a san wanda ya ci, a yi masa kirari, a yi wa wanda aka lallasa tsiya har gida. Free Fire ma haka: mutum 50 a tsibiri, cikin kamar minti goma an gama. Wanda ya zaɓi waɗannan lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Maganar waya ta fi wannan muni. Genshin Impact, da ya fito a 2020, kyauta ake sauke shi, amma yana cin gigabait da yawa fiye da abin da ya rage a yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun matasa, kuma ba ya buɗewa sai da intanet. Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sauke irin wannan gem ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Kyautar ma da sauran magana, domin a ciki akwai sayen sa'a: a zuba kuɗi a juya, ko a samu jarumin da ake so ko a tashi a tutar babu. Iyayen da ke tsoron caca suna da dalilin sa ido a nan fiye da kan takubban.

Zamfara kuma ta ga abin da ba kowace jiha ta gani ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, don sojoji su samu damar yaƙar 'yan bindiga. An rufe makarantu, an hana cin kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Gusau ta samu layinta a farkon Oktoba, su Tsafe da Bunguɗu kuwa sai da suka ƙara jiran makonni. A lokacin da mutane ke fita jihar don su yi kira ɗaya, gem ba shi ne abin damuwar kowa ba. Amma yaron da ke zaune a gida ba makaranta, ba fita da dare, ya koyi darasi: duk gem ɗin da ke neman intanet ya mutu a hannunsa a dare ɗaya. Abin da ya rage shi ne wanda ke zaune cikin memori, wanda aboki ke turo wa aboki ta Xender.

A nan ne abin ya zama mai ban sha'awa, domin cikin waɗanda ake turawa hannu da hannu ɗin akwai God of War, wanda ake bugawa a wayar Android ta manhajar PPSSPP. Ba cikakken RPG ba ne, ya fi karkata ga sara da suka, amma labarin almara ne daga farko har ƙarshe: jarumi, dodanni, doguwar tafiya, makaman da ke ƙara ƙarfi. Matasan da ake cewa ba sa son almara sun san Kratos kamar maƙwabcinsu. Sai dai za a iya samun wanda ya gama Ghost of Sparta sau uku bai san cewa ɗan'uwansa Kratos ke nema tun daga farko ba. Da zarar an fara magana sai ya danna ya wuce.

To wannan shi ne “surutun” da suke kuka da shi. Turanci ne, da murya irin ta fim, da ƙananan rubutu a ƙasan allo da ke wucewa kafin a karanta. A gem ɗin ƙwallo ko na harbi, rashin jin Turanci ba ya rage komai. A RPG kuwa maganar ita ce wasan. Idan aka ce mutum ya zaɓa tsakanin yafe wa wanda ya ci amanarsa da kashe shi, alhali bai ji abin da ya haɗa su ba, an ba shi tuwo ne ba miya.

Cewa Bahaushe ba ya da haƙurin dogon labari kuwa, wannan ba ta taso ba. Samarin nan su ne ke kwana sauraron littattafan yaƙi da ake karantawa a YouTube kashi-kashi, su ne suka san sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini, su ne ke zama sa'o'i uku a gaban fim ɗin Indiya saboda Algaita ta sa masa bakin Hausa. Fassarar ta nuna abu ɗaya ƙarara: kayan waje na karɓuwa nan take idan ya yi magana da harshen gida. Har yau manyan wasannin labari ba su yi hakan ba.

Tsarin RPG ɗin ma ba baƙo ba ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga a 1934 bayan gasar rubutu da aka shirya a Zariya, labarin mutum ne da ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana bi gari-gari, yana haɗuwa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, har ya kai ga ƙasar aljanu. Babban aike guda, ƙananan rigingimu a hanya, abokin gaba mai dawowa, lada a ƙarshe. Ganɗoki na Bello Kagara, da ya fito a shekarar, jarumi ne da ya tashi daga fagen fama na gaske ya faɗa duniyar aljanu. Shekara 40 ke nan kafin Amurkawa su fitar da Dungeons & Dragons a 1974, wasan da ake ɗauka a matsayin kakan RPG na zamani.

Kuma ba sai an je Kwantagora neman labari ba. Matafiyin da ya taso daga Tsafe zuwa Gusau yana wucewa ta gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, inda a da ake bikin kamun maiki, samari na hawa dutse don nuna jarumta. A ƙasar Tsafe akwai 'Yandoto, garin malamai da ya shahara tun kafin jihadi. Tarihin baka na ba da labarin 'Yargoje, macen da ta mulki Zamfara, ga kuma faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa a ƙarni na 18. 'Yan Chana sun ɗauki tsohon labarinsu na Sarkin Birai suka yi Black Myth: Wukong, suka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku a Agustan 2024. 'Yan Foland ma daga littattafan marubucinsu Andrzej Sapkowski suka ciro The Witcher. Abin takaici, yaron Kwatarkwashi ya fi sanin Dutsen Olimfus na Girkawa a kan wanda ke bayan gidansu.

Akwai ƙorafi guda da bai kamata a yi masa dariya ba. Iyaye da malamai da yawa ba sa jin daɗin gem ɗin da ke cike da gumaka da tsafi, kuma a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 wannan magana ce mai nauyi. Wasu matasan ma da kansu kan ce sunan God of War kaɗai ya isa ya sa su ji wani iri. Labarin Kwatarkwashi da na 'Yandoto su ma suna da wuraren da sai an taka a hankali. Amma marubutan Hausa sun daɗe da sanin yadda ake wannan tafiyar: a littattafansu akwai boka, akwai aljani, sai dai yawanci boka ne ke kunyata a ƙarshe, jarumi kuma da addu'a yake fita. Wanda ya tashi a cikin al'adar ya san inda iyakar take, abin da kamfanin da ke Kalifoniya ba zai taɓa sani ba.

Hana gem gaba ɗaya kuwa, bakin alƙalami ya riga ya bushe, wayar na aljihun yaro. Abin da ya rage a tattauna shi ne me ke cikinta. A yanzu zaɓin da ya fi sauƙi shi ne ƙwallo, sai harbi, sai manhajojin caca da ke leƙowa ta talla. Masu bincike sun daɗe suna gardama kan ko gem ɗin harbi na sa tashin hankali, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa Free Fire laifin abin da ke faruwa a dazukan Tsafe. Duk da haka akwai abin dubawa idan yaron da ya kwana yana jin ƙarar bindiga ta gaske ya wayi gari hutunsa shi ne sanin sunayen bindigogi a allo. Gem ɗin labari aƙalla yana tambayarsa wa zai ceta, wa zai yarda da shi, me zai biyo bayan abin da ya zaɓa.

Kada a ɗauka abu ne mai sauƙi. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya sha shekaru yana neman jari kafin ya fitar da Aurion a 2016. Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 don tunawa da mahaifinsa, har da muryoyin Suwahili a ciki, ya sha yabo, amma a shekarar kamfaninsa ya rage ma'aikata. Dukansu biyu kuma sun fito ne a kwamfuta da manyan na'urori, waɗanda ɗan kabu-kabun Gusau ba ya da su.

Shi ya sa duk mai niyyar gwadawa, ko ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Gusau ko a kwalejin Ƙaura Namoda, ya kamata ya ɗauki ƙorafin 'yan shagon gem a matsayin takardar aiki. Sun ce ya yi tsawo: a yanka shi babi-babi, kowanne ya ƙare kafin fasinja ya zo. Sun ce yana cika waya: a yi shi ƙarami, zane mai sauƙi, ya buɗe ba data, ya bi ta Xender. Surutu kuma a bar shi, har a ƙara, amma da murya, da Hausa, in son samu ne da bakin Zamfarawa, tunda ba kowane mai waya ne ke karanta boko da sauri ba. Masu karanta littattafan yaƙi a YouTube suna nan da muryoyinsu, marubutan suna nan, masu zane suna nan a Facebook suna neman aiki. Yadda za a mayar da kuɗi a kasuwar da kowa ya saba da turawa kyauta ita ce tambaya mai wuya, kuma Kannywood ta shafe shekaru tana fama da irinta.