Littattafan da Muka Karanta, da Waɗanda Muke Roƙo a Sa Mana a Dulab

 

Iyayenmu da malamanmu da ƙannenmu, mu ɗaliban aji na ƙarshe aka ba wannan shafi, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan littattafai. Kowa ya san dalili. Yaƙin da ya fara a watan Afrilun 2023 ya iso mana nan Dindir a tsakiyar 2024. Mutane suka watse, da aka dawo aka tarar dulab ɗin makaranta ya zama kango, abin da hannu bai ɗauka ba gara da ruwan damina sun gama da shi. Yanzu iyaye sun fara haɗa abin da ya sawwaƙa don a sake cika shi, kuma mun ji ana cewa a tsaya ga littattafan darasi kawai, tunda kuɗin kaɗan ne, sauran duk lagawu ne. Muna neman afuwa, mu dai ra'ayinmu ya saɓa. Ga hujjarmu, daga abin da muka karanta da idonmu ko aka karanta mana muka ji.

Mu fara da na gida. Ahalari da Ishmawi babu mai jayayya a kansu, su ne tuwon kullum. Duk wanda ya wuce babin ƙabli da ba'adi a Ahalari ya san ya sha wuya, amma ya daina rikicewa in ya yi mantuwa a salla. Wanda muka fi so a cikinsu shi ne Risala ta Ibnu Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Wani malamin yara ne ya roƙe shi ya rubuta ta don a koya wa yara, ya'ani irinmu. Da yawa ana tsayawa a babin azumi ko zakka, a ce sauran sai an girma, alhali daɗin littafin yana can ƙarshe, inda ya yi maganar ladabin ci da sha, da sallama, da neman izinin shiga gida, da mafarki, har atishawa da hamma. Malamin da ya zauna ya rubuta wa yara hukuncin hamma, ai ya san rayuwa gaba ɗaya ake koya wa yaro.

To ga inda gardamar take. An ce labarin da aka ƙaga ƙarya ne, ɗalibin ilimi ba ya ɓata lokaci a kansa. Mu kuma muna tambaya cikin ladabi: Muƙamatul Hariri fa? Muƙama hamsin ce, kuma daga farko har ƙarshe labarin Abu Zaid as-Saruji ne, tsoho mai baki kamar zuma, yau ya fito a mai wa'azi, gobe a makaho, jibi a mai ƙara gaban alƙali, duk don ya raba mutane da kuɗinsu. Hariri ya ƙaga shi, kowa ya sani, amma manyan malamai a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya sun daɗe suna karantar da shi, har ana ganin wanda bai sauke shi ba bai ƙoshi da lugga ba. A waɗannan zauruka ne kuma ake karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, wanda ko Musulunci bai riska ba. In malaman da suka karantar da kakanninmu sun ga amfani a bakin Abu Zaid, mu ba mu ga laifin Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ba. Su biyun in da za su haɗu a kasuwar Sinja, wallahi sai dai a rufe shaguna.

Tunda mun ambaci Ruwan Bagaja, bari mu tsaya a kan Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ruwan Bagaja ya rubuta shi ne don gasar da aka yi a 1933, yana saurayi. Yana da ban dariya, amma mu Magana Jari Ce muka fi so, littafi uku, inda aku yake riƙe ɗan sarki Musa da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri maci amana. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, wasu labaran mun riga mun san ƙashinsu daga littattafan Larabci irin su Alfu Laila, amma da Imam ya sa musu riga da hula sai ka rantse a Katsina aka haife su. Wani kwafi guda tsoho, bangonsa ya tafi, shi ya zagaya ajinmu. Ranar da aka karanta wa tsofaffi wani yanki a tsakar gida, sai ga wata kaka tana gyara wa mai karatu lafazi, tana cewa haka uwarta take faɗar kalmar. Kalmomin da muka ɗauka sun mutu tare da kakanni, ashe suna nan a takarda.

Wannan shi ne babban abin da ke damunmu. Mu Hausawan Sudan muna jin Hausa, muna yin ta a gida da gona da kasuwa, amma karatu da rubutu da Larabci muke yi. Da yawa cikin ƙannenmu in ka ba su wannan ɗan littafi da ke hannunku sai su juya shi su mayar maka. Hausar tamu ma kullum ƙara cika take da Larabci, yaro ya yi jimla guda rabinta ba Hausa ba ce, bai ma sani ba. Larabci alheri ne, harshen Alƙur'ani ne kuma harshen ƙasarmu, ba mu da abin cewa. Sai dai harshen da ba a karanta shi yakan tsuke, ya koma na aike da faɗa da ciniki kaɗai. Haruffan boko kuwa duk wanda ya yi Ingilishi a makarantar gwamnati ya riga ya san su, abin da ya rage masa ƴan masu ƙugiya ne, ɓ da ɗ da ƙ.

Littafin da ya fi taɓa mu duka shi ne Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya. Shi ma daga waccan gasa ya fito. Ƙaramin littafi ne, ana gama shi tsakanin la'asar da isha. Yaro aka sace a zamanin bauta, aka ƙetare hamada da shi, Allah Ya haɗa shi da Balarabe mai tausayi ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu har ya zama shehi. Uwarsa kuwa ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta sha wahala ta Murzuk har Tarabulus, suka haɗu tana gab da mutuwa. A ajinmu an rabu biyu a kansa. Wasu sun ce Umar ya cika sanyi, komai aka yi masa sai ya ce ƙaddara, kuma marubucin bai yi fushi da bauta yadda ya kamata ba. Wasu suka ce ai fushin yana jikin uwar, duk wanda ya karanta abin da ya same ta bai buƙatar a yi masa huɗuba. Da muka sake karantawa bana, bayan kowannenmu ya ga uwa tana yawo daga mota zuwa mota tana tambayar ɗanta, sai muka tarar gardamar ta yi sanyi. Littafin uwar ne, ko da sunan ɗan aka sa a bango.

Tarihi kuma, kunya ce a ce ɗan Mai Wurno ko Dindir ya san sarakunan Abbasiyawa bai san yadda aka yi ya zo nan ba. Mun ji daga bakin tsofaffi cewa bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka sauka a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Wasu kakannin kuma hanyar hajji ce ta kawo su, aikin auduga a Jazira ya riƙe su bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Amma tushen abin yana cikin littattafan Sakkwato, kuma da Larabci suke, ya'ani mu nan mun fi yaran Kano da yawa sauƙin karanta su. Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello yana da nauyi a wasu wurare, sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙe sun yi yawa, amma wasiƙun da suka yi musaya da Shehu al-Kanemi na Barno kaɗai sun isa a sayi littafin. Malamai biyu, kowa da rundunarsa, suna gardama da aya da hadisi a kan ko yaƙin ya halatta, kuma Bello ya kawo maganar abokin gardamarsa a cikin littafinsa. Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo ya fi shiga rai. A ciki za ka ga mutumin da aka ci nasara da shi, amma ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Hanyar da bai ƙarasa ba ita kakanninmu suka ƙarasa.

Na Sudan ma namu ne, nan aka haife mu. Ɗabaƙat na Wad Daifallah, tarihin malamai da waliyyan zamanin daular Sinnar, mun karanta wasu sassa, musamman na Shehu Farah wad Taktuk da ke nan maƙwabtanmu. Larabcinsa gauraye yake da na kasuwa, shi ya sa yake da daɗi a baki. Akwai karamomi a ciki da wasunmu suka ɗaga gira, malam ya ce a karanta shi a matsayin madubin zamaninsa, aƙida kuwa a ɗauke ta inda ake ɗaukarta. Mun yarda da haka. Ɗayyib Salih kuma, Ursuz Zain ɗinsa kowa ya so shi: Zain mai haƙori biyu wanda gari ya mayar abin dariya, shi ya auri Ni'ima da kowa ke so, kuma waliyyi Hanin ne kaɗai ya ga abin da ke cikinsa tun farko. Kowane ƙauye a nan yana da Zain ɗinsa, kada mu faɗi suna. Mausimul Hijra ila Shamal na 1966 shi ya fi suna a duniya, amma ra'ayinmu kada a sa shi a dulab ɗin da ƴan shekara goma suke buɗewa. Ga wanda ya girma, shi da malaminsa.

Kada a manta da Farfesa Abdullahi Ɗayyib, wanda iyayenmu suka san muryarsa a tafsirin rediyon Umdurman. Ya zauna a Kano yana koyarwa a Kwalejin Abdullahi Bayero wadda ta zama Jami'ar Bayero. Malamin da ya rubuta al-Murshid a kan waƙoƙin Larabawa, shi ne kuma ya tattara tatsuniyoyin Sudan a al-Ahaji as-Sudaniyya. In tatsuniya lagawu ce, da bai ɓata tawadarsa ba. Tamu ta Gizo da Ƙoƙi fa, wa zai rubuta irin yadda ake yin ta a nan bakin kogin Dindir?

Littattafan ƴan sanda da ɓarayi na Masar, irin al-Mugamirun al-Hamsa, ba za mu yi musu dogon yabo ba. In ka karanta uku ka karanta duka. Amma da yawanmu a kansu muka koyi karanta Larabci da sauri ba tare da bin layi da yatsa ba, don haka a bar wa ƙanana biyu ko uku.

Sai littattafan soyayya na Kano, waɗanda yanzu ta waya suke zuwa. A nan ƴan matan ajinmu suka fi mu sani, kuma sun ce a rubuta maganarsu yadda suka faɗa. Da yawa cikin abin da ake turawa ta WhatsApp shirme ne, motoci da gwala-gwalai da attajirin da ba a san sana'arsa ba, wasu ma akwai rashin kunya, kuma ba su roƙi a kawo ko ɗaya ba. Amma sun ce zalunci ne a haɗa su kwando guda da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da ƴaƴa tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Babin nafaƙa mun haddace shi a Risala, ci da sha da tufafi da wurin kwana a kan miji suke. Wannan littafi shi ya nuna yadda gida yake zama in aka take babin. Sun ce maza ya kamata a fara ba wa.

Akwai kuma wani gurbi da babu komai a cikinsa tun kafin yaƙi. Muna zaune a ƙasar kala'azar, cutar da wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da dare yake kawowa, wanda yake son dajin aduwa da dushe da tsagewar baƙar laka. Zazzaɓin cizon sauro kuwa kowace damina sai ya kwantar da rabin aji. Muna noman dawa da riɗi. Gandun dajin Dindir da aka kafa tun 1935 yana bayan gidanmu. Amma ko ƙaramin littafi guda a kan lafiya ko noma ko dabbobin dajin ba mu taɓa gani a dulab ba. A sa ko da ɗaya ne daga kowanne, mai hotuna, da Larabci mai sauƙi.

Mun san kuɗin ba zai kai ga duka ba. Shawararmu, a fara da Mus'hafai da littattafan darasi, wannan babu magana. Abin da ya saura, ko yaya ƙanƙantarsa, a raba shi tsakanin tarihi da labari da lafiya. Na Hausa kuwa ba sai an saya ba: duk mai ɗan'uwa da zai zo daga Najeriya ko Nijar, ko alhajin da zai haɗu da mutanen can a Makka, ya roƙa a riƙo masa Magana Jari Ce ko Shehu Umar ko Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi. Mu kuma mun ɗauki alkawarin littafin rajista na aro, mako biyu ga kowa, da zama kowane daren Alhamis bayan isha don koya wa ƙanana karatun Hausa, in malam ya ba mu izini da fitila.