Matashi Ya Fita Gudu, Wa Ya San Hanyar da Ya Bi?

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da masu horar da 'yan gudu kan wani sakaci da ya zame mana jiki. Yaro zai ɗaure takalminsa da asuba ya ce, "Umma, na tafi motsa jiki." Ta ce, "A dawo lafiya." Shi ke nan. Ba a tambaye shi wace hanya zai bi ba, ba a kuma san ƙarfe nawa ya kamata a gan shi a gida ba.

Labarin wani matashi ɗan Amurka mai suna Joe Keller ne ya sa na ɗauki biro. Ranar 23 ga Yulin 2015, ana gobe zai cika shekara 19, yana ziyara wurin danginsa a gundumar Conejos ta jihar Kolorado, cikin gandun dajin Rio Grande. Shi ɗan jihar Tenesi ne, gwanin ninkaya da gudu, lafiyarsa ƙalau. Da yamma suka fita gudu shi da abokinsa. Abokin ya fi shi sauri, don haka kowa ya kama gabansa da nufin a haɗu a masauki. Daga shi sai gajeren wando da takalmin gudu, ko riga babu, waya kuma ya bar ta a gida. Abokin ya dawo, Joe shiru.

Ba a yi wasa da nemansa ba. An fito da karnuka, an hau dawakai, jirage sun yi shawagi, 'yan sa kai sun bazu cikin daji. Bayan kusan mako biyu hukuma ta dakatar da aikin. Sai a Yulin 2016, shekara guda ke nan, wani mutum da ya ci gaba da neman don kansa ya tarar da ƙasusuwansa a gindin wani dutse mai tsananin gangare, ƙoƙon kansa a fashe. Tsakanin wurin da masaukin da ya baro bai kai kilomita 3 ba.

A nan nake so masu karatu su tsaya su yi lissafi tare da ni, don mu da muke harkar gudu mun san abin da ya ɗaure hannun masu neman. Matashi mai jini a jika yana iya cinye kilomita 10 cikin awa guda ba tare da ya ji a jikinsa ba. In ba a san inda ya dosa ba, dole a ɗauka ko ta ina yana iya bi: gabas, yamma, kudu, arewa. Da'irar da za a bincika ta haura murabba'in kilomita 300 ke nan, cike da duwatsu, kwazazzabai da duhuwar itatuwa. In kuwa ya ce, "Zan bi hanyar rafi in juyo daga gada," to an samu layi guda da mutum ashirin za su iya tsefewa kafin magariba. Ƙarfin da muke yaba wa yaro, shi ne yake faɗaɗa dajin da za a neme shi a ciki. Tsoho ko ƙaramin yaro in ya ɓata ba ya nisa. Ɗan gudu kuwa, Allah kaɗai ya san iyakarsa.

Akwai kuma ɓarnar da rashin sani ke yi wa waɗanda aka bari a gida. A Yulin 1997 wata 'yar gudu mai shekara 24, Amy Wroe Bechtel, ta shiga dajin Shoshone kusa da garin Lander a jihar Wayomin. An tsinci motarta a gefen hanya, ita kuwa har yau ba a gan ta ba. Zargi ya koma kan mijinta, aka yi shekaru ana nuna shi da yatsa, alhali ba a taɓa gurfanar da shi a kotu ba. Mu ma mun san halinmu. Kafin a gama cigiya a masallaci an riga an yanke hukunci a majalisa: wannan ya ce aljanu, wancan ya ce kishiyar uwa, wani ya ce ai abokinsa ne ya sayar da shi.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A nan Filato, inda ake samun da yawa daga cikin gwanayen gudun dogon zango na Najeriya, musamman daga yankin Pankshin, yaranmu kan duwatsu suke atisaye. Ga tsaunukan Shere, ga tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda, sai ka ga samari da ba su taɓa gudun kirki ba sun fantsama bayan gari tun duhu bai washe ba, ga hazo, kowa na son ya gina numfashi cikin sati biyu. Mafi yawansu da gangan suke barin waya a gida saboda tsoron masu ƙwace, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ƙaramar waya mai tocila, wadda ɓarawo ma zai raina, tana shiga aljihun wando, kuma ana kiran lambar gaggawa ta 112 da ita. Usur irin na alƙalin wasa kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ƙararsa kuwa ta fi ihun wanda ya karye a cikin rami zuwa nesa.

Ga 'yan uwana kociyoyi: in kun fitar da yara goma, ku ƙirga goma kafin a watse. Mai sauri ya jira na baya a mararraba, ko da hakan zai ɓata masa lokacin da yake son kafawa. Baƙon da ya zo hutu kada a sake shi shi kaɗai a dajin da bai sani ba, kome ƙarfinsa, balle in daga ƙasa mai zafi ya hauro tudu inda numfashi ke saurin ƙarewa.

Iyaye kuma, don Allah a daina cewa "ai ba yaro ba ne, zai dawo." In lokacin dawowarsa ya wuce da awa guda, a tashi. A sanar da mai unguwa, a kira 'yan sintiri da maharba, su ne suka san kowane kwazazzabo da sawun da ke cikinsa, a tambayi makiyaya da mata masu itace. A kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, kuma ina roƙon jami'anmu su karɓa nan take, kada a ce wa uwa ta je ta dawo bayan awa 24. Wanda ya faɗi ya karye a daren sanyin Jos da gajeren wando ba shi da wannan awa 24 ɗin.

Malam Edita, in da hali, ka sa wakilinka na wasanni ya zagaya wuraren atisayen samari a bayan gari ya tambaye su su nawa ne suka faɗa wa wani hanyar da za su bi yau. Ina so mu ga amsar a shafinka.



Naka,
Mai horar da 'yan gudu,
Jos, Jihar Filato