Adabin Duniya a Jami'a: Turanci Ƙofa Ce, Amma Ba Ita Kaɗai Ba

A shekarar 1979 wata malamar makaranta 'yar ƙasar Sanagal, Mariama Bâ, ta fitar da wani ɗan ƙaramin littafi da Faransanci. Labarin Ramatoulaye ne, matar da mijinta ya rasu, tana cikin takaba ta zauna tana rubuta wa aminiyarta Aissatou doguwar wasiƙa. A ciki ta zayyana yadda mijin, bayan sun haifi 'ya'ya 12, ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarsu, ya kuma juya wa tsohon gidansa baya. Ta faɗi yadda wan mamacin, Tamsir, ya zo ranar sadakar arba'in yana neman aurenta, da irin amsar da ta ba shi. Littafin ya ci kyautar littattafai ta Noma ta farko a 1980, sannan Modupé Bodé-Thomas ta mayar da shi Turanci a 1981 da sunan So Long a Letter. Da wannan fassara ya shigo azuzuwan Najeriya, kuma har yau ana karanta shi.

A duba tafiyar da labarin ya yi. Rayuwar gidan Musulmi ce a birnin Dakar, mutanen da ke magana da Wolof, aka rubuta ta da Faransanci, aka juya ta zuwa Turanci, sannan ta iso hannun ɗaliba 'yar Katsina ko Gusau wadda ta san takaba da rabon gado da zaman kishi tun tana ƙarama. Abubuwa da yawa sun zube a hanya, babu shakka. Amma in ba don wannan Turancin ba, da ɗalibar ba ta taɓa jin sunan Ramatoulaye ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa bai kamata a saurari masu raina darasin adabin duniya da ake koyarwa ta hanyar fassara ba. Hujjarsu sananniya ce: wai wanda bai karanta Tolstoy da Rashanci ba, bai karanta Tolstoy ba. Idan aka bi wannan magana, sai ɗalibi ya koyi harsuna goma kafin a bar shi ya buɗe littafi ɗaya daga wajen ƙasarsa, kuma ba mai yin haka. Ban da haka ma, ƙasar Hausa ce wurin da wannan hujja ta fi rashin ƙarfi, domin iliminta kacokan a kan fassara ya ginu. Malamin zaure yana jan matanin Larabci yana warware shi da Hausa, kalma bayan kalma. Tafsirin watan azumi haka yake gudana, mai jan baki ya ja, malam ya fassara. Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa don matan karkara su amfana. Kalila wa Dimna da malamai suka sani, asalinsa daga Indiya yake, ya bi ta Farisa kafin Ibnul Muƙaffa ya zuba shi a Larabci a ƙarni na 8. Shi kuwa Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Abubakar Imam ya ɗebo labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ya ɗauka a Zariya aka haife su.

Ko adabin Afirka da sassan Turanci ke tinƙaho da shi, kaso mai tsoka fassara ne. Jerin littattafan marubutan Afirka da kamfanin Heinemann ya soma a 1962, Chinua Achebe na ba da shawara, shi ya kawo Houseboy na Ferdinand Oyono daga Kamaru, da Season of Migration to the North na Tayeb Salih daga Sudan, wanda Denys Johnson-Davies ya fassara daga Larabci a 1969. A cire fassara daga manhaja, a ga abin da zai rage na Afirka.

Matsalar tana wani wuri daban. Sau da yawa ana koyar da littafin da aka fassara kamar marubucin da Turanci ya rubuta shi. Ɗalibi zai cika takardar jarrabawa yana yabon "salon Oyono" ko "zaɓin kalmomin Dostoyevsky", alhali kalmomin da yake nazari na wani mutum ne dabam da ko sunansa bai lura da shi a bangon littafin ba. Constance Garnett, Baturiyar Ingila, ta fassara littattafan Rasha kusan 70, kuma da aikinta ne masu jin Turanci suka san Tolstoy da Dostoyevsky da Chekhov tsawon shekaru. Mawaƙin Rasha Joseph Brodsky ya taɓa ƙorafin cewa masu karatu da Turanci ba sa iya bambance Tolstoy da Dostoyevsky, domin duk biyun muryar Garnett suke ji. A kusa-kusan nan ma, lokacin da The Vegetarian na Han Kang ya ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2016, masana a Koriya ta Kudu sun yi ta nuna wuraren da mai fassara Deborah Smith ta kauce wa asali, da wuraren da ta ƙawata abin da marubuciyar ta faɗa a sauƙaƙe. Amma fassarar ce ta fitar da Han Kang duniya, kuma a 2024 ta karɓi kyautar Nobel. Ita kanta kyautar Booker ɗin, tun 2016 raba fam 50,000 take yi daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara. Wannan muhawara ce ya kamata a kawo wa ɗalibi cikin aji, a ajiye masa fassarori biyu na shafi guda ya gano da idonsa inda suka rabu.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Abin da ke shigowa ta Turanci, masu buga littattafai a Landan da New York ne suka zaɓe shi, kuma zaɓinsu ƙanƙane ne. An daɗe ana ƙiyasta cewa littattafan fassara ba su wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ake bugawa a Amurka ba. Jami'ar da ta jingina manhajarta kacokan ga wannan zaɓi ta yarda ke nan wasu su yanke mata abin da ake kira duniya.

Ga misali a bakin ƙofa. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, a yankin Dogon Dutsi. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Tun kafin nan, a 1972, Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin wannan kyauta. Ɗalibin da ke Sakkwato ya fi kusa da Dogon Dutsi a kan Legas, amma ba abin mamaki ba ne ya gama digiri a adabi yana iya zuba bayani kan Shakespeare, bai taɓa jin sunan Mamani ba. Haka ma Larabci. Dubban ɗalibai suna shigowa jami'a da Larabcin da suka samu a Islamiyya da zaure, wanda da ɗan taimako zai kai su ga Najib Mahfuz, Balaraben farko da ya ci Nobel ta adabi a 1988, a cikin harshensa. Sai a miƙa musu fassarar Turanci kawai, sashen Larabci kuwa yana nan a tsangaya ɗaya, ba a gayyace shi ba.

Fim ya fi littafi sauƙin tsallaka iyaka, kuma mutanen arewa ba sa buƙatar a gaya musu haka. Shekaru aka yi ana cika silimun Kano, irin su Plaza da Marhaba da El Dorado, ana kallon finafinan Indiya ba tare da an ji Indiyanci ba, ana kuka a inda ake kuka. Daga baya fassarar Algaita da makamantanta suka sa jaruman Indiya magana da Hausar kan titi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin sun yi rubuce-rubuce masu zurfi kan wannan alaƙa. Saboda haka ɗalibin da ya shigo ajin nazarin fim ya riga ya saba da kallon baƙon labari. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa masa fage.

A nuna masa A Separation na Asghar Farhadi, fim ɗin Iran na 2011 da ya ci Oscar. Akwai wurin da Razieh, matalauciyar da aka ɗauka aikin kula da wani tsoho mai ciwon mantuwa, ta tarar ya ɓata jikinsa. Kafin ta taɓa shi sai ta ɗauki waya ta nemi fatawa, ko ya halatta ta wanke namijin da ba muharraminta ba. Can gaba, bayan ta yi ɓari aka zargi mai gidan da ya ɗauke ta aiki, an kawo kuɗin sulhu, mijinta bashi ya yi masa katutu, aka ce ta rantse da Alƙur'ani cewa mai gidan ne sanadin ɓarin cikinta, ta kasa, domin tana da kokwanto kuma tana tsoron alhakin ya faɗa kan 'yarta. Mai kallo a Ingila sai an yi masa sharhi kafin ya gane nauyin wannan rantsuwa. Ɗalibin Kano ko Damagaram zai ji ta har cikin ƙashinsa. A irin wannan aji shi ne mai abin faɗa, in dai malami ya ba shi dama ya kawo sanin da ya taso da shi.

Amma a koya masa kuma cewa rubutun da ke fitowa a ƙasan allo taƙaitawa ne. Layi biyu ne, kowanne da wuya ya wuce haruffa 42, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ɓace. Karin magana da zambo da girmamawar da ƙarami ke yi wa babba cikin lafazi, yawanci nan ake yanke su. Duk da haka Bong Joon-ho, wanda fim ɗinsa Parasite ya zama na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar a 2020, ya yi gaskiya da ya ce wanda ya daure wa wannan ɗan siririn rubutu zai samu finafinai masu yawa da bai san da su ba.

Abin da jami'o'in arewa za su iya yi ba ya cin kuɗi mai yawa. Sassan Turanci da Hausa da Larabci da Faransanci su haɗa darasi guda, a sa sunan mai fassara kusa da na marubuci a jerin littattafan karatu, kuma kowane ɗalibi ya fita da aikin hannunsa: babi ɗaya da ya mayar Hausa, ko minti goma na fim da ya yi wa fassarar ƙasan allo. Akwai magabata a wannan hanya. Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo wasan Shakespeare da sunan Daren Sha Biyu, Bala Abdullahi Funtua ya kawo littafin Orwell da sunan Gandun Dabbobi. Hanyar kuma ba shiga kaɗai ba ce, har da fita. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya samu fassarar Turanci daga Mervyn Hiskett a 1967. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani ne a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Ɗaruruwan littattafan da marubuta mata na Kano suka rubuta tun daga shekarun 1980 suna nan ba a taɓa su ba, kuma finafinan Kannywood da ke neman kasuwa a waje suna buƙatar masu fassarar da suka iya Hausa da Turanci duka biyun. Ɗaliban da za su yi wannan aiki suna zaune a azuzuwan adabi yanzu haka.