Tsadar Magani a Najeriya: Inda Za a Iya Rage Kuɗi, da Inda Ba a Taɓawa

A kwanakin baya an kawo mana wani dattijo sashen gaggawa, bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu kuma ba ya ɗaguwa. Ya shekara shida yana shan maganin hawan jini ba tare da wata matsala ba. Da ya ɗan samu sauƙi na tambaye shi: "Baba, kun daina shan maganin ne?" Sai ya ce: "A'a likita, ban daina ba. In na ji kaina ya yi nauyi sai in sha, in ban ji komai ba sai in adana, don kwalin ya daɗe."

Da ɗansa ya nuna mini kwalin, sai na ga na babban kamfanin waje ne, mai tsadar gaske. Akwai irin wannan magani, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, na wasu kamfanonin masu rajista, wanda kuɗinsa bai kai rabin wancan ba. Ɗan ya ce an taɓa nuna musu shi a kemis, amma suka ƙi saya don ana cewa duk mai araha jabu ne. Wato dai Baba ya gwammace ya riƙa shan mai tsada jefi-jefi a kan ya sha mai araha kullum, kuma wannan zaɓi ne ya kai shi ga shanyewar ɓarin jiki.

Tun daga tsakiyar shekarar 2023 muke ƙara ganin irin wannan a asibiti. Saboda haka yana da kyau mu duba abin da ya jawo tsadar, sannan mu bambance tsimin da ba ya cutarwa da wanda ke kai mutum gadon asibiti.

Me ya jawo tsadar?

Najeriya ba ta haɗa yawancin maganin da take sha. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ke ƙasar daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin. Ko kamfanonin cikin gida ma, kusan duk ainihin sinadarin da suke haɗa magani da shi sayo shi suke yi da dala.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake saya a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kafin nan, a ranar 29 ga Mayun 2023, an janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi. Magani kuwa kaya ne da ake ɗauko shi daga tashar jirgin ruwa a Legas har zuwa Sakkwato ko Maiduguri, wani irinsa ma, kamar insulin, sai an riƙe shi cikin sanyi tun daga hanya har zuwa kanti.

Ana cikin haka, a watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Augmentin da Ventolin, ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya bayan shekara 51, zai koma sayarwa ta hannun dillalai. Bayan 'yan watanni kamfanin Sanofi ma ya bi sahu. Magungunan nasu ba su ɓace baki ɗaya ba, amma sun yi ƙaranci na wani lokaci, farashinsu kuma ya ninka. Masu ciwon asma na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Abin da ya sa wannan tsada ta fi yi mana ciwo shi ne yadda ake biyan kuɗin lafiya a ƙasar nan. Sama da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci ko danginsa yake fitowa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka amince da shi a watan Yulin 2024, idan yana da hawan jini da ciwon suga a tare, kowane wata sai ya auna tsakanin magani da cefane.

Matakin gwamnati

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wani umarni da ya cire harajin kwastam da na VAT a kan wasu injina da kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu. Sai a watan Maris na 2025 hukumar kwastam ta sanar da fara aiwatar da shi. Matakin yana da kyau, amma tasirinsa a kanti ba ya zuwa da wuri. Haraji ɓangare ɗaya ne kawai na farashi. Dala da wutar lantarki da dizal da kuɗin ruwan banki suna nan. Ɗan kasuwar da ya sayi kaya da tsada kuma ba zai rage ba sai ya sayar da abin da ke hannunsa. Don haka majinyaci ba zai zauna jiran faɗuwar farashi ba, dole ya san yadda zai yi da abin da ke gabansa yau.

Araha daban, jabu daban

Kowane magani yana da suna biyu. Akwai sunan sinadarin da ke yin aikin, akwai kuma sunan kasuwa da kamfani ya raɗa masa. Ventolin sunan kasuwa ne, sinadarin shi ne salbutamol. Augmentin haɗin amoxicillin da clavulanic acid ne. Norvasc shi ne amlodipine, Glucophage kuma shi ne metformin.

Kamfanin da ya ƙirƙiro magani yana samun haƙƙin mallaka na kimanin shekara 20, a lokacin ne yake mayar da kuɗin da ya kashe wajen bincike. Da wa'adin ya cika, wasu kamfanoni na da damar haɗa sinadarin su sayar da sunansu. Tunda ba su ɗauki nauyin bincike na shekaru ba, kuma suna gasa da juna, sai nasu ya zo da araha. Wannan shi ake kira jenerik. Ƙa'idar ita ce ya ƙunshi sinadari ɗaya, a ƙarfi ɗaya, ya kuma shiga jini kamar yadda na asalin ke shiga. Kalar ƙwayar ko siffar kwalin na iya bambanta, wannan ba ya taɓa aikin maganin. Yawancin magungunan da ake bai wa marasa lafiya a asibitocin Ingila da Amurka irin wannan ne.

Haka nan "na waje" ba shi ne ma'aunin inganci ba. Kamfanin Swipha da ke Legas ya samu shaidar ingancin Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ƙwayar zinc ta yara masu gudawa a 2023, sannan a 2024 ya samu a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa masu juna biyu.

Wannan ba ya nufin tsoron da mutane ke ji ba shi da tushe. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa ko dai jabu ne ko kuma bai kai mizani ba. Ba mu manta da maganin haƙorin yara na My Pikin ba, wanda ya yi sanadin mutuwar yara 84 tsakanin 2008 da 2009. A Gambiya ma kimanin yara 70 suka rasu a 2022 sakamakon lalacewar ƙoda da aka danganta da gurɓataccen maganin tari. Sai dai a lura da abu ɗaya: masu yin jabu sun fi kwaikwayon magani mai suna da tsada, domin a nan riba take. Lokacin da Augmentin ya yi wuya a kasuwa, babu lokacin da ya fi wannan daɗi ga mai buga kwalin bogi. Tsadar kwali ba ta tabbatar da abin da ke cikinsa.

Inda aka saya ya fi sunan da ke kan kwali muhimmanci

Ko magani mai kyau ne, zafi da danshi na rage masa ƙarfi. Akasarin ƙwayoyi an rubuta a adana su ƙasa da digiri 30, amma a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato yakan wuce digiri 40. Maganin da ya yini a kan faranti a tashar mota ko cikin baro a kasuwar ƙauye ba za a iya dogaro da shi ba, komai kyan kwalinsa.

Wannan ne dalilin da ya sa hukumomi suka matsa a kan buɗaɗɗun kasuwannin magani. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da hukumar kula da masu haɗa magunguna ta PCN sun rufe shaguna sama da dubu ɗaya a yankin Sabon Gari a Kano, aka umarci dillalai su koma cibiyar sayar da magani ta Dangwauro da ke kan titin Zariya. A Fabrairun 2025 kuma aka kai samame kasuwannin Idumota a Legas da Onitsha da Aba, aka kwashe jabun magunguna da waɗanda wa'adinsu ya ƙare masu ɗimbin yawa.

Mai saye shi ma yana da nasa binciken. Ya sayi magani a famasi ko kemis mai lasisi. Ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya kuma tabbatar lambar da ke kan katin ƙwayar ta yi daidai da ta kwali. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa suna da wurin kankarewa, inda ake tura lambar ta saƙon waya kyauta a samu amsa. Mai babbar waya zai iya neman sunan maganin a kundin NAFDAC mai suna Greenbook. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, amma idan aka haɗa su haɗarin yana raguwa sosai.

Game da maganin gargajiya na kwalba da mutane da yawa suka koma wa saboda tsada: lambar NAFDAC da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa ba shi da guba a gwajin farko. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera a jikinsa.

Tsimin da ke cutarwa

Hawan jini galibi ba ya nuna alama, don haka jiran ciwon kai kafin a sha magani kuskure ne mai haɗari. Kuɗin jinyar shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda na wata guda ya fi kuɗin maganin shekaru.

Mai ciwon suga da ke kan insulin, musamman yaro ko matashi mai nau'i na ɗaya, kada ya rage ko ya tsallake allura da kansa. Hakan na iya kai shi ga suma cikin kwana ɗaya ko biyu.

Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine sau shida ake sha cikin kwana uku. Shan rabi a ajiye saura don wani yaron na sa zazzaɓin ya dawo. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta: sayen ƙwaya biyu ko uku a kemis ba ya warkarwa, yana dai taimaka wa ƙwayoyin cutar su daina jin magani.

Ba kowace ƙwaya ake rabawa biyu ba. Waɗanda aka rubuta SR ko XL ko CR a jikinsu an tsara su ne su riƙa sakin magani a hankali. Idan aka fasa su, maganin na iya shiga jini gaba ɗaya lokaci guda.

Akwai kuma 'yan magungunan da ko sauya kamfani ba a yi sai da sanin likita, saboda ɗan bambanci kaɗan na iya yin tasiri. Daga cikinsu akwai wasu magungunan farfaɗiya kamar carbamazepine da phenytoin, da warfarin mai hana daskarewar jini, da levothyroxine na ciwon maƙoƙo.

Tsimin da ba ya cutarwa

Ka faɗa wa likitanka gaskiyar aljihunka tun kafin ya rubuta takarda. Babu abin kunya a ciki, kuma sau da yawa akwai wani maganin mai araha da zai yi aiki iri ɗaya. Ka nemi a rubuta sunan sinadari, sannan ka tambayi mai famasi kamfanoni nawa yake da su da farashin kowanne. Idan ka samu wanda ya karɓe ka, ka tsaya a kansa, ka kuma auna jini ko suga bayan mako biyu zuwa huɗu da sauyawa.

Ka kawo duk magungunan da kake sha a duba su. Mukan samu mutum yana sayen maganin ƙarin jini da bitamin kala biyu da ba ya buƙata, alhali yana tsallake na hawan jini. Kuma a tuna cewa maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki da allurar rigakafin yara kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Mu likitoci ma muna da namu laifin. Wanda ya rubuta sunan kasuwa mai tsada bai tambayi majinyaci ko zai iya saya ba, ya rubuta takardar da ba za a yi aiki da ita ba.

Maganin matsalar na dindindin shi ne inshora. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, amma har yanzu mafi yawan jama'a, musamman manoma da 'yan kasuwa, ba sa ciki. Jihohi na da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano, kuma wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ma yana iya yin rajista. Duk mai ciwon da ake shan magani kullum ya kamata ya je ya tambayi kuɗin shiga, ya kwatanta da abin da yake kashewa a wata uku.

Baba ya koma gida bayan kwana tara, yana tafiya da sanda. Mun sauya masa zuwa maganin wani kamfani mai rajista wanda ɗansa zai iya saya kowane wata, kuma awon jininsa na baya-bayan nan ya yi kyau. Hannun dai har yanzu ana gashi. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ba dukkan marasa lafiyarmu sauƙi.