Sharhi: Jita-jitar PlayStation 6 da darasin tambarin 8K da ya ɓace daga kwali

A watan Oktoban 2025, Mark Cerny, injiniyan da ya jagoranci ƙera na'urorin wasan bidiyo na PlayStation 4 da PlayStation 5, ya bayyana a wani gajeren bidiyo tare da Jack Huynh na kamfanin AMD. Sun yi bayanin wasu sabbin fasahohin zana hoto da kamfanonin Sony da AMD ke aiki a kansu, inda Cerny ya ce za a gan su a wata na'ura nan da 'yan shekaru. Babu inda aka ambaci suna ko rana ko farashi. Duk da haka, kafin gari ya waye shafukan intanet sun cika da alƙaluman abin da aka riga aka raɗa wa suna PlayStation 6: wannan ya ce za ta nuna hotuna 120 a sakan ɗaya, wancan ya ce kaifin hotonta zai kai 8K.

Wani zai ce wannan hira ce ta yara. Amma ɗan kasuwar da ke shigo da waɗannan na'urori daga Dubai ko Legas, da mai gidan wasan gem da ke cin abinci da su a Kano ko Kaduna, da ma'aikacin da ɗansa ya matsa masa lamba a saya masa, duk kuɗinsu ne a kan layi. Don haka ya kamata a fayyace me alƙaluman ke nufi, kuma me tarihin alƙawuran baya ya nuna.

Abin da ake taƙaddama a kai

Abubuwa biyu ake aunawa. Na farko shi ne kaifin hoto. Duk hoton da ke fuskar talabijin tarin ƙananan ɗigo ne masu launi. Abin da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla kimanin miliyan biyu. 4K yana da fiye da miliyan takwas, wato ninki huɗu. 8K kuwa ya haura miliyan 33, ninki huɗu na 4K.

Na biyu shi ne yawan hotunan da na'ura ke zanawa a sakan ɗaya. Motsin da muke gani a fim ko a wasa jerin hotuna ne da ke maye gurbin juna da sauri. Fim ɗin silima ya saba tafiya da hotuna 24 a sakan, kuma ido ya gamsu, domin mai kallo yana zaune ne kawai. A wasa lamarin ya bambanta, saboda ɗan wasa yana danna maɓalli yana jiran amsa. Idan wasa na tafiya da hotuna 30, motsi yana ɗan nauyi a hannu. A 60 ya fi santsi. A 120 kuma amsa ta fi sauri, abin da masu gasar harbi da tseren mota suka fi damuwa da shi.

Matsalar ita ce abubuwan biyu daga tukunya ɗaya suke ci. Na'urar da za ta nuna 4K da hotuna 60 dole ta zana ɗigo kusan miliyan 500 a kowane sakan. In aka ce 8K da hotuna 60, aikin ya kusa biliyan biyu. Duk abin da aka ƙara wa kaifi, daga santsi aka rage shi, sai fa in an ƙara ƙarfin na'urar, wanda ke nufin ƙarin kuɗi da ƙarin wuta da ƙarin zafi.

Alƙawarin 2020

Lokacin da PlayStation 5 da Xbox Series X suka fito a watan Nuwamban 2020, kowanne a kan Dala 499, an tallata su da 4K da hotuna har 120 a sakan. Sony ma ya buga tambarin 8K a jikin kwalin na'urarsa. A shekarar 2024, ba tare da wata sanarwa ba, sabbin kwalaye suka fara fitowa babu wannan tambari. Shekara uku da ɗoriya ana sayar da na'urar da alƙawarin da mai saye bai taɓa cin moriyarsa ba.

Ko batun hotuna 60 bai tabbata ga kowane wasa ba. Gotham Knights ya fito a 2022 a ƙayyade da hotuna 30. Starfield, ɗaya daga cikin manyan wasannin Microsoft, ya fito a 2023 da hotuna 30 a kan Xbox Series X, na'urar da aka yi wa kirari da mafi ƙarfi a zamaninta. Sai a 2024 aka ƙara masa zaɓin 60. Yawancin manyan wasanni kuma sun koma ba ɗan wasa zaɓi biyu: ko dai hoto mai kaifi da motsi mai nauyi, ko motsi mai santsi da hoto mai ɗan dishi-dishi.

Ba wai na'urorin ba su da ƙarfi ba ne. Ɓangaren zana hoto na PlayStation 5 ya ninka na PlayStation 4 fiye da sau biyar a lissafi. Abin da ke faruwa shi ne, duk ƙarfin da aka ba masu ƙirƙirar wasanni, sukan kashe shi wajen ƙawata haske da inuwa da cunkoson mutane da faɗin birane, har na'urar ta sake kai wa maƙura. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Babu dalilin zaton cewa wannan ɗabi'a za ta sauya a na'ura mai zuwa.

Kamfanonin sun sauya hanya

Abin lura shi ne su kansu masu ƙera na'urorin sun rage cika baki a kan yawan ɗigo. Da Cerny ke gabatar da PlayStation 5 Pro a watan Satumban 2024, ya ce idan aka ba 'yan wasa zaɓi, sau uku cikin huɗu santsin motsi suke ɗauka, su bar kaifin hoto. Wannan furuci ne mai nauyi daga bakin kamfanin da ya buga 8K a kwali.

Dabarar da aka koma kanta ita ce amfani da ƙirƙirarriyar basira. Na'urar za ta zana ƙaramin hoto mai sauƙin aiki, sannan wata manhaja da aka horar ta cike giɓin, ta faɗaɗa shi ya yi kama da 4K. Sony ya kira tasa PSSR, kamfanin Nvidia yana da DLSS, wadda Nintendo Switch 2 ke amfani da ita, AMD kuma yana da FSR. Akwai ma dabarar da ke ƙirƙiro ƙarin hoto a tsakanin hotuna biyu na gaskiya don motsi ya ƙara laushi a ido, duk da cewa hakan ba ya ƙara saurin amsa maɓalli. Haɗin gwiwar Sony da AMD mai suna Project Amethyst a kan wannan tafarki yake. Microsoft ma ya sanar a watan Yunin 2025 cewa ya ƙulla yarjejeniyar shekaru da AMD domin Xbox na gaba.

Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, lambar da za a rubuta a kwalin gobe ba lallai ta zama abin da na'urar ta zana da ƙarfinta ba. Za a iya rubuta 4K da 120 ba tare da an yi ƙarya ba, alhali rabin aikin cikon manhaja ne. Wani lokaci cikon yana kyau har ido ba zai bambance ba, wani lokaci kuma yana barin kyalli da ɓurɓushi a gefen abubuwa masu motsi. Gani ya kori ji: sai wasa ya fito an gwada shi ake sanin gaskiya.

Inda gizo ke saƙar: farashi

A da, na'urar wasa takan yi araha yayin da take tsufa. PlayStation 2 ta fara da Dala 299 a shekarar 2000, ta sauko har Dala 99 a 2009, abin da ya taimaka aka sayar da fiye da miliyan 160. Wannan zamani ya juya al'adar. A watan Agustan 2025 Sony ya ƙara Dala 50 a Amurka, PlayStation 5 ta koma kusan Dala 550, Pro kuma kusan Dala 750. Xbox Series X ta tashi sau biyu a shekarar, ta kai kusan Dala 650. Ƙanƙanta sassan lantarki ba ya rage tsada kamar da, ga harajin shigo da kaya na Amurka, ga kuma cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira da ke wawure ma'adanan bayanai a kasuwar duniya har farashinsu ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025.

Yin wasannin ma ya yi tsada. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kimanin Dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma Dala miliyan 212. Kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya ba zai taƙaita wasansa ga sabuwar na'urar da mutane ƙalilan suka mallaka ba. Shi ya sa shekaru bayan fitowar PlayStation 5, wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC ya ci gaba da fitowa a kan PlayStation 4, na'urar 2013.

Nintendo ya daɗe da gane wannan. Switch ta farko ta fi takwarorinta rauni nesa ba kusa ba, amma an sayar da fiye da miliyan 150. Switch 2, da ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan kusan Dala 450, an sayar da fiye da miliyan uku da rabi cikin kwana huɗu. Mutane wasa suke saye, ba lissafi ba.

Yadda abin ya shafe mu

A nan gida lissafin ya fi zafi. A ƙarshen 2020 Dala ba ta wuce Naira 500 ba a kasuwar bayan fage, don haka asalin kuɗin PlayStation 5 bai haura Naira 250,000 ba. Idan aka lissafa Dala a kan Naira 1,500, wadda ta kai har ta wuce a 2024, na'urar Dala 550 ta zama Naira 825,000, Pro kuma ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari, tun kafin kuɗin dako da na kwastam da ribar dila.

Ba nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Domin a ga 4K da hotuna 120, sai an samu talabijin mai mahaɗar HDMI 2.1, wanda ba shi ne a yawancin ɗakunanmu da shagunanmu ba. Wanda ya jona na'urar miliyan ɗaya da talabijin na 1080p mai hotuna 60, abin da talabijin ɗin zai iya kawai zai gani. Sai wuta: PlayStation 5 tana jan kimanin wat 200 yayin wasa. Gidan wasa mai na'urori goma da ke aiki awa goma a rana zai sha yunit 20. A farashin Naira 225 da aka sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, Naira 4,500 ke nan kullum, ban da talabijin da fanka da man janareta. Ga kuma wasannin da girmansu ya haura gigabayit 100, waɗanda sauke su kaɗai ya isa ya cinye datar wata.

Yaron da ya biya kuɗinsa don ya buga ƙwallo da abokinsa ba ya tambayar ɗigo miliyan nawa ne a fuskar talabijin. Abin da ya dame shi shi ne kada wuta ta ɗauke, kada maɓalli ya maƙale, kuma a samu sabbin 'yan wasan kulob ɗinsa.

Yaushe, kuma me za a yi?

Tazarar da aka saba gani shekara shida zuwa bakwai ce: 1994, 2000, 2006, 2013, 2020. Wannan na nuni da 2026 ko 2027, amma wata takardar cikin gida ta Microsoft da ta fallasa a shari'ar 2023 ta ambaci 2028. Ko ranar ta zo, tsohuwar na'ura ba za ta mutu nan take ba. Abin da ya faru da PlayStation 4 shaida ne.

Saboda haka ɗan kasuwa ba shi da dalilin karyar da hajarsa don tsoron jita-jita, kamar yadda ba shi da dalilin ƙulle jarinsa yana jiran abin da ba a sa wa rana ba. Mai gidan wasa zai fi cin riba idan ya zuba kuɗinsa a hasken rana da batura da maɓallai masu ƙarko. Uba kuwa, kafin ya ciro albashin watanni, ya fara duba talabijin ɗin da ke falonsa da wasannin da yaron ke bugawa.

Tabbas na'urar gaba za ta fi ta yanzu ƙarfi, kuma za a buga manyan lambobi a kwalinta. Ranar da aka buga su, tambayoyi uku ne suka cancanci amsa: nawa ce, wane wasa ne ya kai wannan lamba, kuma a kan wane talabijin. Waɗanda suka sayi kwalin 2020 saboda tambarin 8K sun riga sun biya kuɗin wannan darasi.